Lawashi Ba Ya Zuwa Legas

Duk wanda ya saba zama a bakin titin Maiyama lokacin kakar albasa ya san warin da manyan motoci ke bari in sun wuce. Daga Aliero suke tasowa, su biyo ta Jega, su ratsa ta nan su nufi Koko da Yawuri, daga can sai Kwantagora, sai Kudu. Buhuna ne jibge har sama, amma ko ganye ɗaya babu a cikinsu. Tun kafin a ɗura aka yanke lawashin, aka bar albasar ta sha iska, aka fitar da ruɓaɓɓiya da wadda fartanya ta sara, aka ware manya daban ƙanana daban. Ba rowa ta sa ba. Ɗanyen lawashi ba ya jure kwana biyu ko uku a bayan tirela. In aka bar shi, shi zai fara ruɓewa ya ja sauran. Saboda haka gida yake tsayawa, a daka shi, a dunƙula, a shanya, ya zama gabu, ya ƙare a miyar waɗanda suka noma shi. Matar da ta yi cefane a kasuwar Mile 12 ta Legas albasar Aliero ta saya, babu ƙarya a ciki, sai dai ba duk abin da ya tsiro a gonar ne ya iso hannunta ba, ita kuwa ba ta san an rage komai ba.

Mu ma ana kawo mana kaya daga nesa, wasu ma ba a mota suke zuwa ba. A leƙa shagon caji da tura finafinai a ji ciniki. Saurayi ya miƙa waya ya ce, "Malam, akwai sabuwar fassara?" Ƙanensa ya ɗago memori ya ce, "Yaya, ni katun na faɗa za ka sa mani." Minti kaɗan an cika musu, sun biya 'yan kuɗi sun tafi. Babu wanda ke tambayar hannu nawa labarin ya bi kafin ya iso, balle abin da kowane hannu ya rage a hanya.

Da wuya a samu wanda ya taɓa jin sunan Peter Keefe a ƙasar nan. Amma wanda ya yi ƙuruciya kusa da talabijin a ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, lokacin da NTA ba ta buɗe tasha sai da la'asar, ya san aikinsa: Voltron. Zakuna biyar na ƙarfe, baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya, in yaƙi ya yi zafi su haɗe su zama ƙaton mutum-mutumi guda, ya zaro takobi ya raba dodo biyu. A garuruwa irin namu talabijin ba ta wadata ba a lokacin, sai ɗan da ya je hutu Sakkwato ko Kaduna ya dawo yana ba da labari a dandali, har da kwaikwayon yadda ake zaro takobin. Kowa ya ɗauka kayan Amurka ne, tunda Turancin Amurka zakunan ke ji.

Alhali a Japan aka haife su. Kamfanin Toei ne ya yi shirin a 1981, kashi 52, da sunan GoLion. Keefe ɗan Rochester ne ta jihar New York, ya fara da sharhin finafinai a wata tashar talabijin ta birnin St. Louis, sannan ya koma shirya shirye-shirye a kamfanin World Events na Ted Koplar, mai tashar. Su suka sayi izinin shirin. Labarin da ake bayarwa shi ne wani shirin dabam suka gani suka so, wanda akwai zaki ɗaya a cikinsa, suka aika Japan cewa a turo mai zakin nan, sai aka turo musu mai zakuna biyar. Da suka kalla suka ga ya fi wanda suka nema, suka riƙe. An kuma ce babu cikakkiyar fassara a hannunsu, hoto suka riƙa kallo suna cankar abin da ake faɗa, suna rubuta sabuwar magana su ɗora a bakin zanen. A watan Satumba na 1984 aka fara nuna shi a Amurka, kafin a ce me ya mamaye tashoshi, kayan wasansa suka cika kantuna.

To, me aka yanke? Abu mai nauyi. A GoLion, matasan nan biyar sun dawo daga sararin samaniya ne suka tarar yaƙin nukiliya ya cinye duniya, babu gida babu dangi, aka kama su bayi. Mutanen ƙasar da aka jefa wa bam a Hiroshima da Nagasaki a 1945 ne suka rubuta wa 'ya'yansu wannan, ba su ga dalilin ɓoye musu ba. A Voltron duniya na nan lafiya lau, samarin jami'ai ne da aka tura aiki. A GoLion ana zubar da jini, ana kashe bayi a gaban mai kallo. A Voltron an datse wuraren, sojojin abokan gaba da ake hallakawa kuma aka ce ai ba mutane ba ne, injina ne. Mafi girma, a kashi na 6 mayyar labarin ta kashe ɗaya daga cikin biyar ɗin, mai suna Takashi Shirogane, aka binne shi, gimbiya ta gaji zakinsa shuɗi. Mutanen St. Louis suka sa masa suna Sven, suka ce rauni ya ji, an kai shi wata duniya jinya. Can gaba a labarin Japan ƙanen mamacin ya bayyana, kamarsu ɗaya. Sai suka ce ga Sven nan ya warke ya dawo. Dabarar ta zauna daram, har yaran nahiyoyi da dama suka girma ba su san an yi rasuwa a gidan ba.

Ni ban ga laifin Keefe a nan ba. Tashoshin Amurka na wancan zamani ba za su nuna wa yara jana'iza da la'asar ba, masu talla ba za su biya ba, iyaye za su yi ca. Ko dai a datse ko kuma shirin ya zauna a Japan. Abin da ya cire bai fallasa halinsa ba kamar yadda ya fallasa halin masu sayen: mutanen da suka yarda ɗansu ya ga ana sara da takobi kullum, muddin ba a ce masa saran na kisa ba. Mu kuma a nan muka karɓi abin a hannu na uku, da ma'aunin tsoron iyayen wata ƙasa, ba namu ba, ba na masu labarin ba.

Shekara guda bayan Voltron wani ya yi abin da ya fi wannan ƙarfin hali. Carl Macek, haifaffen Pittsburgh a 1951, yana aiki da kamfanin Harmony Gold lokacin da suka samu wani shirin Japan mai suna Macross. Matsalar ita ce kashi 36 ne, tashoshin Amurka kuwa ba sa sayen shirin kullum sai ya kai kashi 65, wato Litinin zuwa Juma'a har mako 13. Buhun da bai cika ba ba ya hawa mota. Sai Macek ya ɗauko wasu shirye-shirye biyu da babu abin da ya haɗa su da na farko, Southern Cross da Mospeada, ya sake rubuta maganganun, ya mai da jaruman zuriya uku masu gadon yaƙi ɗaya, ya fitar da kashi 85 da sunan Robotech a 1985. Abin lura, shi bai ɓoye mutuwa ba. Jarumi ya mutu a Robotech, ya mutu ke nan, kuma yaran Amurka da yawa a nan suka fara ganin haka a katun.

Sakayyar da ya samu ita ce zagi. Yaran da Robotech ya buɗe wa ido su ne suka girma suka nemo na asali, suka gano ɗinkin, suka juyo kansa suna kiransa mahauci. Shekaru ya yi yana shan wannan a tarurrukan masoya katun ɗin Japan. Shi kuwa a 1988 ya haɗa kai da Jerry Beck suka kafa Streamline Pictures, suka riƙa kai finafinan zanen Japan gidajen sinima na Amurka, ciki har da Akira, wanda ya nuna wa Turawa cewa zane ba lallai na yara ne ba. Wato mutumin da ake zargi da yanka shi ne ya share hanyar da kayan suka riƙa zuwa ba yanka. Ba shi ne na farko wajen juya zanen Japan ba, don tun 1963 Fred Ladd ya mai da Tetsuwan Atom na Osamu Tezuka ya zama Astro Boy, amma shi ne ya fi shan duka. Macek ya rasu ran 17 ga Afrilu 2010, ciwon zuciya. Keefe ya bi shi ran 27 ga Mayu, ciwon dajin maƙogwaro. Kwana arba'in cif tsakaninsu, kuma babu wanda ya kai shekara sittin.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, sai dai mu ta Indiya muka fi saninta. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen sinima suka fara shigo da finafinan Indiya Arewa, suka tarar an karɓe su fiye da na Amurka. Shekaru aru-aru ana cika Plaza da Orion da Marhaba a Kano, ana kallon Mother India har a haddace, ba tare da an ji kalma ɗaya ta Indiyanci ba. Abin da aka ce mutanen St. Louis sun yi a ofis, shi kowane ɗan kallo ke yi a kan benci: ya kalli fuska, ya canki magana. Akwai kuma gwanaye, waɗanda in an tashi sinima ake kewaye su su warware wa mutane abin da bos ya ce wa jarumi, ko sun ji ko ba su ji ba. 'Yan kallo suka raɗa wa taurarin sunayen gida: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Sai ga fassara ta zo, Indiya-Hausa, wadda Algaita Dub Studio ta Kano ta fi kowa suna a kanta, har sunan ya zama na sana'ar duka; mutum zai ce a tura masa Algaita ko da wani ne ya fassara. Wanda bai san aikin ba yana ganin wasa ne. A zauna a ɗaki a gaban makirfo, a bi leɓen mutumin da ke wani harshe, a samo maganar Hausa da za ta fara inda ya buɗe baki ta ƙare inda ya rufe, ta kuma yi ma'ana, ta kuma ba da dariya inda ya kamata. Barkwancin Indiya ba ya ba Bahaushe dariya, dole a jefar a sa na gida, shi ya sa za ka ji ɗan sandan Indiya yana habaici irin na 'yan tasha. Sunan fim ma sabo ake raɗa masa. Inda ba zai kallu a gaban iyaye ba a tsallake. Da yawan finafinan kuma ba na Bombay ba ne, na kudancin Indiya ne, da harshen Telugu ko Tamil aka yi su, irin su Baahubali na S. S. Rajamouli da ya fito a 2015. Sau da yawa an riga an juya su zuwa Indiyancin Hindi kafin su iso Kano. Hannu na uku ke nan, kamar dai zakunan can.

Masu ganin ƙyashin wannan aiki sukan ce ai ba fasaha ba ce, kwashe ne. Ina so su sake buɗe Magana Jari Ce. Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya, a Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East, ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939. Masu nazari sun bi sawun labaran sun tarar da yawansu daga Dare Dubu da Ɗaya ne, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da wasu wurare. Akun littafin ma da ke jan hankalin ɗan sarki Musa da labari don kada ya fita, tsohon tsari ne daga littattafan Indiya da Farisa. Imam ya cire musu tufafin ƙasashensu, ya sa musu riga da rawani, ya zaunar da su a fada da kasuwa da gaban alƙali, ya ɗora musu Hausar da har gobe ake koyon rubutu da ita. Wa zai ce masa mai kwashe? Bambancinsa da mai fassarar banza ba a wurin ɗauko na wani yake ba, a wurin kyan hannu yake. Fassarar Indiya ma haka: akwai wadda za ka ji magana ta zauna kamar da Hausa aka yi fim ɗin, akwai wadda mai murya ke surutu kawai don kada wuri ya yi shiru.

Mai kaya ma yana da bakin magana, in ya samu ƙarfi. A 1985 aka ɗauki Nausicaä na Hayao Miyazaki aka datse fiye da minti ashirin, aka sake masa suna, aka sayar wa Amurkawa a matsayin fim ɗin faɗa na yara, alhali labari ne kan yadda ɗan'adam ke lalata ƙasa da daji. Abin ya ƙona masa rai, kamfaninsu Ghibli ya kafa sharaɗi cewa ba a ƙara taɓa musu fim da almakashi. Da mai rarraba finafinai a Amurka, Harvey Weinstein, ya so rage Princess Mononoke na 1997, furodusan Ghibli, Toshio Suzuki, takobi ya kai masa kyauta, da saƙon kada a yanke komai. Ba a yanke ba. A 2003 Spirited Away na Miyazaki ya ci Oscar yadda mai shi ya yi shi. Sai dai a tuna, masu kallon da suka cika sinima don Miyazaki, da yawansu Voltron da Robotech ne suka yaye su. Da ba a fara kai yankakke ba, da ba a samu masu neman cikakke ba.

Yau kuma abin ya juye, kuma a nan ne nake ganin iyaye a garuruwanmu ba su farga ba. Da akwai masu tacewa a hanya ko mun so ko ba mu so ba. Gidan da ke da dish ya kamo tashar Spacetoon, wadda aka buɗe a 2000, katun ɗin Japan yake kallo da Larabci bayan an tace shi a Dimashƙu. Captain Majid ɗin da yara ke so, Captain Tsubasa ne na Japan aka musuluntar da sunansa. Yanzu yaro da waya da data, ko da memori da naira kaɗan, yana samun abin kai tsaye yadda aka yi shi a Tokyo, babu Keefe, babu Dimashƙu, babu NTA. Uba ya leƙa ya ga zane ne, ya ce ai katun ne, ya wuce. A Japan kuwa zane hanya ce ta ba da kowane irin labari, akwai na 'yan shekara biyar, akwai wanda babba ma sai ya kau da kai. Aikin da furodusa ke yi da albashi a St. Louis ya faɗo kan saurayin da ke zaune a shagon caji, wanda shi ma bai kalli rabin abin da ke cikin kwamfutarsa ba. Ba na kiran a hana. Hani bai taɓa cin waya ba. Amma wanda ke tambayar ɗansa gidan wa ya ci abinci, ya kamata ya zauna ya kalli kashi ɗaya ko biyu na abin da aka tura masa.

Inda misalin albasa ya gaza shi ne wurin suna da haƙƙi. Manomin Aliero an biya shi kafin mota ta tashi, dillalin Legas kuma da bakinsa yake cewa ta Aliero ce, don sunan na ƙara mata kuɗi. A harkar labari akasin haka ake yi. Keefe ya biya Toei kuɗin izini, amma yaron da ya kalli Voltron a Kaduna bai taɓa jin sunan Katsuhiko Taguchi, daraktan GoLion, ba, balle ɗimbin masu zanen da suka duƙufa a kan tebur suna zana zakunan nan hoto bayan hoto. A Kano masu shirya finafinan Kannywood sun daɗe suna kuka cewa fassara ta kwashe musu kasuwa, suna tayar da maganar haƙƙin mallaka. Masu fassarar su ma kukan suke yi, don ranar da aiki ya fita ranar yake bazuwa a shagunan tura finafinai daga Kano har Kamba, ba tare da sisi ya koma musu ba. Kowa na cin gumin wani, wani na cin nasa. Masu muryar kuwa, waɗanda ake gane su da jin kalma ɗaya, ake kwaikwayonsu a majalisa, 'yan kaɗan ne aka san sunayensu.

Gyaran wani ɓangaren ba ya cin kuɗi. Allo ɗaya ne a farkon fim: ga sunansa na asali, ga ƙasar da harshen, ga darakta, ga wanda ya fassara, ga waɗanda suka ba da murya, an rage wasu wurare ko ba a rage ba. Mai kallo ya san abin da ya saya, mai son cikakke ya san abin da zai nema, ɗalibin da zai rubuta tarihin sana'ar nan gaba ya samu bakin zare. Amurkawa sai da suka makara suka yi. GoLion na asali, da mutuwarsa da jininsa, bai fito a faifai a Amurka ba sai 2008, saura shekara biyu Keefe ya rasu. Da DreamWorks ta sake yin Voltron sabo don Netflix a 2016, sai ta mai da wa jarumin nan sunansa na Japan, Takashi Shirogane, ana kiransa Shiro, ta kuma ba shi baƙin zaki da shugabancin tawagar. Zanen wannan karon a Koriya ta Kudu aka yi shi, a Studio Mir.